Daga Kano zuwa Akra ta mota: abin da na gani a Gasar Wasannin Afirka

Gasar Wasannin Afirka karo na 13 an tsara ta ne a watan Agustan 2023, sai aka ɗage ta zuwa 8 zuwa 23 ga Maris 2024, saboda filayen ba su kammala ba, ga kuma taƙaddama tsakanin masu gasar kan haƙƙin talla. Karon farko ke nan da Gana ta karɓi baƙunci. Najeriya ta yi sau biyu, Legas a 1973 da Abuja a 2003. Mu uku muka tashi daga Kano, dukkanmu malaman wasanni ne a makarantun sakandare, kuma mota muka zaɓa don kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu. Lokacin dala ta haura naira 1,500.

Ta arewa babu hanya. A lokacin iyakar Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, don haka zancen bi ta Maraɗi ko ta Gaya, kusa da inda fataken goro suke bi a da zuwa Gwanja, bai taso ba. Dole aka gangara Legas. Mun hau doguwar bas a Sabon Gari da la'asar, aka bi Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, aka kwana ana tafiya, gari ya daɗe da wayewa kafin mu shiga Legas.

Daga Mile 2 ake samun motar Seme. Hanyar Badagry ba ta da tsawo, shingayen da ke kanta ne suke cin lokaci: ba ka gama gyara zama daga wani ba an tsayar da ku a wani. Direba ya san abin da zai miƙa a kowanne, kuma ya riga ya zuba shi cikin kuɗin mota. Fasinja dai ya riƙe takardunsa a aljihun gaba, kada ya cusa su a jakar da ke but.

Takardu biyu ne ba a wasa da su: fasfon ECOWAS ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kat. A yarjejeniyar 1979, ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza ya zauna har kwana 90, kuma buga tambari ba shi da farashi. Wannan a takarda ke nan. Tsakanin Legas da Akra iyaka uku ce, Seme da Hilakonji da Aflawo, kowacce da tambarin fita da na shiga, wato shida a tafiya, shida a dawowa, kuma akwai tagogin da ba a miƙo maka fasfo sai ka miƙa wani abu. Wanda fasfonsa sabo ne fil, ba a taɓa buga masa komai ba, shi aka fi tsauwala wa. Abokin tafiyarmu ɗaya haka nasa yake. A wata taga jami'in ya juya shafukan, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan amarya ce, sai an biya sadaki." Aka yi dariya, aka kuma biya. Abin da ke rage asara shi ne ka tanadi ƙananan kuɗi daban, ka je taga da kanka, kada ka ba wa yaran da ke tare mutane a bakin boda fasfonka da sunan za su gaggauta maka. Idan katin shawara babu, ko sunan da ke kai bai yi daidai da na fasfo ba, nan za a ajiye ka, motarku ta wuce.

Canji ma da dabararsa. A Seme jaka guda ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, tana wajen naira 2,500 a lokacin, sidi ɗaya kuma ya ɗan haura naira 120. Kada ka mayar da duk kuɗinka sefa, daga baya ka mayar da sefar sidi, don sau biyu za a yanke ka. Ka sayi sefar da za ta kai ka Lome kawai, sauran nairar ka bari sai Aflawo, inda 'yan canji, da yawansu Hausawa da Zabarmawa, ke karɓar ta kai tsaye. Ka ƙirga a gabansu, ka sake ƙirgawa bayan sun taɓa kuɗin.

Kwatano mun same ta cikin sabuwar doka: tun farkon Maris 'yan sanda ke kama duk wanda ke kan babur ba hular kwano, har fasinja. 'Yan acaɓarsu masu rawayar riga wasu suna ɗauke da hula ta biyu, wasu kuwa sai dai ka zo da taka. Muka kwana a unguwar Zongo, da safe muka hau tasi mai cin mutum shida zuwa Lome. Titin yana da kyau, ya bi ta Wida da Gran Popo, teku na hagunka. Togo a nan bakin teku ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma Lome ta jingina da iyakar Gana, da ƙafa ake tsallakawa Aflawo. A Hilakonji ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, don Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin. Wanda ya manta zai yi ta isa ko'ina da wuri, ya kuma rikita lokutan sallarsa. Daga Aflawo zuwa Akra kusan kilomita 190 ne. A Sogakofe, wajen gadar kogin Bolta, aka sauke mu duka aka sake duba fasfo, aka ga tambarin shiga, aka sallame mu.

Masauki mun fara kamawa a Nima, ta hannun wani dattijo ɗan asalin Sakkwato da ke sayar da carbi da turare a bakin masallaci. Nima da Mamobi Bahaushe ba ya baƙunta a cikinsu: da Hausa za ka yi ciniki, da ita za ka tambayi hanya, kuma ga babban masallacin ƙasa a Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, tafiyar ƙafa ce. Sai dai ga mai zuwa kallon wasa Madina ta fi. Jami'ar Gana da ke Legon, inda aka sauke 'yan wasa a ɗakunan ɗalibai, aka kuma yi bikin buɗewa da guje-guje, tana kusa da Madina, kuma daga can an fi saurin kaiwa Borteyman, sabon rukunin filayen da aka gina a gabashin birnin. Dattijon da kansa ya ce mana, "Malam, in don wasa kuka zo, ku koma Madina, go-sulo zai cinye muku yini." Muka koma. Motar haya ta gari ita ce trotro, ƙaramar bas mai yaron mota yana kiran unguwanni, kuɗinta 'yan sidi kaɗan ne. Amma ba ta kai ka ƙofar Borteyman, sai ka ƙarasa da tasi, kuma ka yi ciniki da direban ya dawo ya ɗauke ka, in ba haka ba da dare za ka tsaya a bakin titi ba abin hawa.

Kokawa muka fara kallo, ita ce kuma ta fi shafar mu. Wanda ya saba da kokawar gargajiya zai ɗan rikice da farko. A wajenmu, da a gasar takobi ta Nijar, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A nan kuwa kai mutum ƙasa maki biyu ne kawai, a ci gaba. Ana yin zagaye biyu na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, a kan tabarma mai da'irar mita tara. Tura abokin karawa waje maki ɗaya, jefa shi daga tsaye ya faɗi ta baya maki huɗu, in jifan ya yi sama sosai biyar. Ana gamawa nan take in ka danne kafaɗunsa biyu a tabarma, ko ka ba shi tazarar maki goma. Wanda alƙali ya ga yana noƙewa za a ba shi daƙiƙa 30 ya ci maki, in ya kasa a ba abokin karawarsa ɗaya. Koci yana da damar ƙalubalantar hukunci a duba bidiyo, amma in ya faɗi, maki ɗaya ya tafi ga ɗaya ɓangaren, kuma na ga karawar da wannan makin ne ya raba ta. Matan Najeriya sun share zinare shida na ajin nauyi shida da aka yi, ciki har da Odunayo Adekuoroye a kilo 57 da Blessing Oborududu a kilo 68. Abin da na lura da shi a wajensu, ba sa tsayawa bayan sun kai mutum ƙasa. Nan take suke sarƙe ƙafafu ko su rungumi ƙugu su mirgina, kowace mirginawa maki biyu, kafin a ankara tazarar goma ta cika. 'Yan kokawarmu na Arewa suna da ƙarfin tsaye da iya karanta ƙafa, amma aikin ƙasa ba su taɓa koyonsa ba, don a al'adarmu babu shi. Yaron da za a mayar ɗan wannan kokawa sai an kama shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, kuma sai da tabarma, don a kan yashi ba a koyon mirgina.

A Najeriya an ɗauki azumi ran Litinin 11 ga Maris, gasa na da kwana uku da buɗewa. Zafin Akra ba irin na Kano ba ne. Ma'auni bai cika wuce 33 ba, amma iskar jiƙe take da ruwan teku, gumi ba ya bushewa, riga tana manne da jiki tun hantsi. Mai azumi a nan ruwa yake rasawa fiye da yadda yake zato. Alfijir yana ketowa kusan ƙarfe biyar saura, a sha ruwa shida da 'yan mintuna. Ga 'yan wasan da ake aunawa abin ya fi wuya, don a kokawa da safiyar ranar karawa ake hawa sikeli, kuma mai rage nauyi ya dogara ne da 'yan awannin da ke tsakanin awo da karawa ya mayar da ruwan jikinsa. Wani mai horarwa daga Arewacin Afirka da muka yi sallah tare ya ce yawancin yaransa sun ɗauki sauƙin da aka yi wa matafiyi, za su rama in sun koma gida. Mu 'yan kallo dabararmu ita ce zama a ɓangaren da rumfa ta rufe, da sayen ruwan leda tun kafin magariba, rabin sidi ɗaya, don a bakin fili layi yake yi.

Buɗa-baki a Madina ba ya bambanta da na gida sosai: koko mai yaji da citta, ƙosai, dabino. Bayan sallah sai wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. A lokacin da sidi ashirin za ka ƙoshi, amma in ka buga lissafi da naira sai cokali ya yi nauyi a hannunka. Tuwon zafi da miyar ayoyo shi muka riƙe na sahur. Dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, sai wanda ya saba.

Ranar Alhamis 14 ga Maris intanet ta ɗauke. Wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya taɓa Gana da Kwaddibuwa da Najeriya da wasu ƙasashe. A Akra, inda mai shago da mai tasi duk sun saba karɓar kuɗi ta waya, an ji jiki. Manhajar banki ba ta buɗewa, ba a kiran mota ta waya, jadawalin wasanni da ake dubawa a intanet ya gagara, sai ka je fili ka karanta takardar da aka manna a bango. Wanda ya riƙe takardun sidi a aljihu shi ya ci abinci cikin kwanciyar hankali a kwanakin nan.

A zauren ɗaga ƙarfe ne mutum zai gane yadda teburin lambobi ke cika. Kowane ɗan wasa yana da yunƙuri uku a ɗagawa ta fizge ɗaya daga ƙasa zuwa sama da kai, da uku a ɗagawa mai hawa biyu, wadda ake fara saukewa a kafaɗa kafin a tura sama. Sandar maza kilo 20 ce, ta mata 15. Faifan ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10, don haka daga kujerarka za ka iya lissafa abin da ke kan sanda. An kira sunanka kana da minti ɗaya. Alƙalai uku ne, farar fitila biyu ta wadatar. Abin da ya fi jawo jar fitila shi ne gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe sannan a miƙe ta, ko a saki ƙarfe kafin a ba da izini. Babbar asara kuwa ita ce koci ya buɗe da nauyin da ya fi ƙarfin yaronsa, ya faɗi sau uku, ya tashi ba jimla. A wannan gasa ana ba da lamba a kowace ɗagawa, a kuma ba da ta jimla, wato mutum ɗaya yana iya komawa gida da zinare uku, kamar yadda Rafiatu Lawal da Joy Eze suka yi. Mai gudun mita 10,000 kuwa zai zagaya fili sau 25 don lamba ɗaya tak.

Gana ta karanci wannan lissafi da kyau, ta sa kokawar hannu cikin gasar. Kayan aikinta tebur ne guda, mai matashin gwiwar hannu biyu, da matashin da ake kwantar da hannu a kai, da turken da ɗaya hannun ke riƙewa. Ana yin hannun dama daban, hagu daban, maza da mata, a kowane ajin nauyi, don haka lambobin suna da yawa. Ɗaga gwiwar hannu daga matashi laifi ne, laifi biyu an cinye ka. In hannuwa suka suɓuce sai a ɗaure su da maɗauri a sake. Alƙalai suna yawan tsayar da wasa in suka ga mutum ya kau da fuska daga hannunsa, kafaɗarsa ta wuce gaba, don a wannan tsayuwar ce ƙashin dantse ke karyewa. Daga wannan tebur kaɗai Gana ta kwashi lambobi 41, takwas na zinare, cikin zinare 19 da ta samu gaba ɗaya. Wasu 'yan Najeriya a wurin suna ta gunaguni wai ba wasa ba ne. Ni ban ga laifinsu Ganawa ba. Teburin nan kowane mai walda a Kano zai haɗa shi, kuma masu dako a Dawanau da Singa ba su rasa dantse ba.

Makon ƙarshe na guje-guje ne, kuma a nan hamayyar maƙwabta ta fito fili. Filin Legon ya cika maƙil, Ganawa da ganguna da kirari, 'yan Najeriya mazauna Akra a gefe guda da tutoci. Afirka ta Yamma da Kamaru suka mamaye gajerun tsere: Emmanuel Eseme na Kamaru ya ci mita 100 na maza, Gina Bass ta Gambiya ta haɗa 100 da 200 na mata, Joseph Paul Amoah ya ba Gana zinaren mita 200, Hugues Fabrice Zango na Burkina Faso ya ci tsalle mai hawa uku. Tobi Amusan ta ci tseren tsallake shinge na mita 100, Ese Brume ta ci dogon tsalle, Chukwuebuka Enekwechi ya ci jifan dalma. Burkina da Mali da Nijar sun sanar da ficewa daga ECOWAS tun 28 ga Janairu, amma 'yan wasansu suna nan, don gasar ta Tarayyar Afirka ce.

Wanda ya fi tayar da fili shi ne gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu na maza, inda Najeriya ta riga Gana da abin da ido ba ya gani, sai da aka jira allo. Mai koyar da yara ya kamata ya zauna daidai wurin miƙa sanda na uku ya kalli hannuwa, ya bar kallon ƙafafu. Wurin miƙa sanda mita 30 ne, kuma matsayin sandar ake dubawa, ko da ƙafar mai karɓa tana ciki. Mai karɓa yana auna tazara da tafin ƙafarsa ya manna salatif a layinsa, in mai kawowa ya taka alamar sai ya tashi da gudu ba waiwaye, ya miƙa hannu baya in ya ji kira. Na farko yana riƙe da dama, na biyu hagu, na uku dama, na huɗu hagu, don kada a sauya hannu a guje. In ya tashi da wuri, sanda ba za ta same shi ba sai a wajen iyaka, a kore su. In ya makara, su yi karo. Ƙungiyar da ta fi kowa gudu tana iya faɗuwa a nan, kuma a wasannin makarantunmu nan ne muke zubar da tsere, don yara ba sa atisayen miƙawa sai ana gobe gasa.

Ran 21 ga Maris muka tafi Kef Kos, kusan kilomita 150 yamma da Akra, kallon wasan ƙarshe na ƙwallon mata 'yan ƙasa da shekara 20. A fita da wuri, don cunkoson Kasuwa, garin da ke bakin Akra, yana iya cin awa biyu. Najeriya ta fara ci, Gana ta farke a zagaye na biyu, Mukarama Abdulai ta ƙara a ƙarin lokaci, aka tashi 2 da 1. A motar dawowa mun sha tsiya har Akra, ba zagi, sai waƙa da "Najeriya, sannunku da ƙoƙari". Washegari mazansu suka ci Yuganda 1 da nema a filin wasa na Akra, suka haɗa zinare biyu na ƙwallo. A teburin ƙarshe Masar ce ta ɗaya da zinare sama da 100, Najeriya ta biyu da 47, sai Afirka ta Kudu, Gana kuma ta shida. Na bi sunayen waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinaren nan, da wuya ka tsinci ɗan Kano ko Sakkwato ko Katsina, kuma ɗaga ƙarfe, wanda ya kawo mafi yawa, da kokawa ɗaki guda da kayan aiki suke buƙata.

Dawowa ta hanyar da muka zo ne, da tambari shida da ƙananan kuɗinsu. Ragowar sidi a canza shi a Aflawo, don bayan Lome ba mai karɓarsa da daraja, a kuma ƙara awa ɗaya a agogo a Hilakonji. Muna Akra aka ba da umarnin buɗe iyakar Najeriya da Nijar ran 13 ga Maris, amma direbobin da muka tambaya a Kwatano sun ce gadar Malanbil zuwa Gaya har lokacin a toshe take, don haka muka sake bi ta Seme, muka yi buɗa-baki a Badagry, muka nemi motar Kano a Agege. Gasa ta gaba a Masar za a yi ta, a 2027.